Hannun da Kofur Ya Sani

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Yaya aiki, yaya teku, yaya kuma tarin nan naka da kullum kake cewa ba komai ba ne? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baba yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko har yanzu jirgi yana sa ka amai.

Na gaji da kiran wayar da ba ta shiga, shi ya sa na koma biro da takarda, ko da za ta daɗe kafin ta iso ka. Maganar Kofur ce. Ka tuna ranar da Baba ya ajiye aikin gadi a ma'ajiyar kaya, ya shigo mana da ƙaton kare a igiya, marigayiya Inna tana salati tana cewa ko ita ko shi a gidan? To, Kofur ɗin da ka sani ba shi ba ne yanzu. Tsufa ya kama shi a ƙafafun baya. Da safe sai ya yi ta kokawa da ƙasa kafin ya miƙe, tayil yana zame masa, yana wani nishi da ban taɓa jin kare ya yi ba. Matattakalar ƙofar gida da yake tsallakewa a guje, yanzu tsayawa yake yi ya zuba mata ido.

Masu tasi duk suka ƙi ɗaukar mu, sai maƙwabcinmu direba ne ya kai mu asibitin dabbobi a motar kayansa, Allah ya saka masa. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta ɗauki hoton ƙashinsa ta nuna mana, ta ce ciwon gaɓoɓi ne, guringuntsin ƙugu da na gwiwa ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Ba a warkewa, sai dai a lallaɓa ciwon iya kwanakin da suka rage masa. Baba ya dafa gwiwarsa ya ce ashe har cuta ma tare suka ɗauko.

Ta jero mana hanyoyi. Akwai maganin ruwa mai kashe kumburi da zafi, ana auna shi da sirinji daidai nauyin karen a zuba a abinci kullum, amma dole a riƙa gwada jininsa lokaci-lokaci don yakan taɓa ƙoda da hanta. In wannan bai karɓe shi ba, akwai allurar wata-wata. In ciwon ya yi gaba, akwai wani kafso da ake ƙarawa, sai dai yana sa kasala da barci. Sannan man kifi, a rage masa teɓa, a shimfiɗa kafet inda yake bi, tafiya kuma kaɗan-kaɗan amma kullum. Muka fara da na ruwan. Abu ɗaya ta maimaita har da ɗaga murya saboda kunnen Baba: kada a kuskura a haɗa masa da wani maganin ciwo, balle na mutane, don yana huda cikin kare ya kashe ƙoda. Baba yana ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa duk likitan da bai ji me ya ce ba. Na sake faɗa masa a mota, ya ce ya ji, in daina yi masa ihu a kunne.

Bari in ba ka dariya. Da aka gama, likitar ta miƙa wa Kofur biskit don ta shirya da shi, gogan naka ya kau da kai kamar ta zage shi. Ka ga Baba yadda ya buɗe ƙirji! Ya zauna ya karanta mata darasin da muka ji har muka haddace: karen gadi da ke cin abu daga kowane hannu gawa ne, ɓarayi nama mai guba suke jefowa ta katanga. Shi ya hore shi tun yana kwikwiyo, ba ya cin abin da ya tsinta a ƙasa, ba ya karɓa daga hannun kowa sai nasa. Kuma gaskiyarsa ce. Ni da nake wanke masa kwano shekara da shekaru, in na ajiye abinci sai ya bushe a wurin in Baba bai sa hannu ba. Saboda haka Baba ne zai riƙa ba da maganin. Na koya masa layin sirinjin, na zana masa da jan biro. Da ma ni tun asuba nake gidan burodi, ba na nan lokacin karyawarsu.

Har yau fa rabon nan nasu yana nan. Duk abin da ya shiga hannun Baba sai ya raba biyu, rabi bakinsa rabi bakin Kofur, kamar yadda suka saba a ɗakin gadi da abincin da Inna take ɗaura masa. Likita ta ce a rage, na ce ta faɗa wa bango.

Yaya, kar ka ga ina wasa, raina ba a kwance yake ba. Ba ka nan bayan rasuwar Inna, ba ka ga yadda Baba ya shige ɗaki ya ja labule ba. Ni ban iya fito da shi ba, abokansa ba su iya ba. Kofur ne ya riƙa kawo igiyarsa a baki yana ajiye masa a cinya har ya tashi. Likitan Baba ya ce in ya daina tafiyar safen nan gwiwoyinsa za su sandare, sukarinsa kuma ya hau. Ni dai na sani, ranar da karen nan ya kwanta, Baba ya kwanta.

Ka gaishe da abokan aikinka, ka riƙa sa rigar sanyi.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarka ta iso, na karanta wa Baba da ƙarfi har maƙwabta sun ji sirrinka. Ina fata tarin ya sake ka. Wai in kula da kaina! To na ji, sai ka aiko mini da wanda zai yi wanki da girki.

Albishirinka. Kofur ya tashi! Makonnin farko sauƙin kaɗan ne, yana miƙewa amma da ƙyar, Baba har ya fara ƙunƙuni wai maganin likitar ruwa ne kawai aka sa wa kala. Sai kwatsam abu ya sauya. Ranar hutuna na leƙa ta taga na gan shi ya sauka matattakala ba tsayawa, yana jan igiya, har ya yi wa mai kawo gas haushin da ya sa ya yar da tukunya. Wallahi sai da na yi hawaye a bakin tagar. Yanzu har bakin gadar masu tafiya a ƙasa suke kaiwa su dawo.

Abin dariyar shi ne, kare ya miƙe, mai kare ya gurgunce. Baba ne yanzu yake ɗingishi a baya, Kofur yana tsayawa yana jiransa. Likitansa ya sauya masa ƙwayar gwiwa, ya ba shi wata mai ƙarfi, da farko ta karɓe shi sosai har ya ajiye sanda. Yanzu ya koma wa sandar, in zai zauna sai ya cije leɓe. Na ce mu koma a duba, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, sanyi ne. Amma fuskarsa fes, yana ta yi mini murmushin mutumin da ya san abin da ban sani ba. Na ce ko wata ya samu a hanyar gada, ya jefe ni da hula.

Kofur yana shan ruwa kamar an aiko shi, ina cika kwano ina juyawa ya ƙare. Ina jin tafiyar ce. Gwajin jininsa sai wata mai zuwa, zan tambayi likitar in mun je.

Na samo tsohon kafet a wurin maigidan aikina, na yanka na shimfiɗa daga ɗakin Baba zuwa ƙofa. Gidan ya zama abin da ya zama, amma ko oho.

Baba ya ce ka sayo masa agogo mai manyan lambobi. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yi a benci a asibitin dabbobi. Mu nan ba lafiya ba.

Ba mu kai ranar gwajin ba. Kofur ya fara ƙin abinci, ko daga hannun Baba sai ya sunsuna ya kwantar da kai. Sai amai. Da na dawo daga aiki na tarar ya yi kashi a kan kafet, baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da har yanzu yake hancina. Aman da ya biyo baya da jini a ciki. Direba ya bar lodinsa ya kawo mu.

Likita ta ɗebi jini, da sakamako ya fito na ga fuskarta ta sauya. Ta ce cikinsa ya yi gyambo yana zubar da jini, ƙodarsa kuma ta taɓu ƙwarai. Ta duba kwalbar maganinta, ta ga abin da aka sha daidai ne, Baba bai wuce jan layin ba. Ta tambaye ni ko an ba shi wani abu daban. Na rantse mata ba a ba shi ba. Har na ɗan yi mata tsiwa, na ce maganinta ne, ita ta ce yana taɓa ƙoda. Sai ta sa aka ɗaura masa ruwa aka kwantar da shi.

Ka san halinsa, ma'aikatan sun yi juyin duniya ya ƙi karɓar ko loma. Dole kullum da safe Baba ya zo ya ba shi. Na ɗauki hutu a wurin aiki don in riƙa rako shi, shi ya sa na ga abin da na gani.

Yau da safe ne. An bar mu mu biyu a ɗakin da kejinsa yake. Baba ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya ciro guntun burodi daga aljihu, sannan ya ciro kwalbar ƙwayar gwiwarsa. Ya ɗauki ɗaya, ya sa farcen babban yatsa ya raba ta biyu, da gani hannun ya saba. Ya haɗiye rabi, ya cusa rabi a cikin burodin. Da ya ga ina kallonsa sai ya kashe mini ido. Ya yi ƙasa da murya ya ce wannan ne ya tayar da Kofur, ba ruwan kalar likita ba. Ciwonsu ɗaya, ya za a yi shi ya sha mai ƙarfi abokin aikinsa ya sha mai rauni? Ya ce kwana biyun da Kofur ya ƙi ci ne bai samu ba, shi ya sa ya kwanta haka. Kar in gaya wa yarinyar nan likita, wai kada ta ji kunya an fi ta.

Ashe ɗingishin da nake yi masa tsiya a kai, rabin maganinsa yake sha, yana haƙuri da ciwon don kare ya samu. Kofur kuwa ya ɗago kai ya buɗe baki, don hannun da ya sani ne. Ban san lokacin da na fizge burodin ba. Baba ya zaro ido. Na ce likita ta hana burodi, abincin gwangwani kawai ta yarda a ba shi, kuma a gabanta. Ya yi tsaki ya ce likitocin yanzu sun cika iyayi.

Na sami likitar a baranda na buɗe mata tafin hannuna. Ta dubi rabin ƙwayar, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun lokacin da muke murna ya warke. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, amma kada in sa rai da yawa. Na roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa Baba. Ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ba, amma in bai tambaye ta ba ba za ta fara ba.

Ban san abin da zan yi ba, kuma kafin amsarka ta zo komai ya wuce. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, aiki kuma yana sauƙi. An ce jirginku ya kusa tsayawa a tasha, Allah ya sa wannan ta riga ka isa can.

Kofur ya mutu.

Ruwan da aka ɗaura masa ya ɗan farfaɗo da shi da farko, har ya kaɗa wa Baba wutsiya. Daga nan fitsari ya tsaya, bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa ya lasa sai ya dawo. Likita ta ce ƙodar ta gama aiki, abin da ya rage wahala ce kawai, ta ba da shawarar allurar da za ta hutar da shi. Na zaci Baba zai yi gardama. Bai yi ba. Ya ce a bar shi ya zauna a ƙasa tukuna. Ya ɗora kan Kofur a cinyarsa, ya sa tafinsa a bakin hancinsa don ya ji ƙanshin hannun, sannan ya ce wa likita ta yi. Ya ce masa an tashi daga aiki, ya je ya huta. Direba ya taimaka muka binne shi a gonar ɗan'uwansa a bayan gari.

A hanyar dawowa ne abin da nake tsoro ya faru. Muna gaban mota, Baba a tsakiya, mun shigo cikin gari ke nan. Sai ya ce shi fa ciwon gaɓoɓi ba ya sa aman jini. Ya yi gadi shekaru, ya ga karnukan da suka ci naman ɓarayi, haka suke yi, baƙin kashi da aman jini. Ya ce wannan guba ce, in gaya masa abin da likita ta faɗa mini a baranda.

Da na ce tsufa ne, da wataƙila ya bar ni. Amma ya riga ya ce guba, kaina ya ɗaure, na kama abin da ya fi kusa. Na ce likita tana zaton maganin ɓera ne, ko wani ya jefo abu ta katanga, ko ya tsinta a hanyar gada. Direba ma ya taya ni, ya ce ai mutanen yanzu ba su da imani.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce Kofur ba ya cin abin ƙasa, ba ya cin abin katanga, tun yana kwikwiyo bai taɓa karɓar komai daga hannun kowa ba. Ya tsaya nan. Na ga ya buɗe hannunsa na dama a kan gwiwa yana kallo, har muka iso ƙofar gida bai rufe shi ba. Bai sake tambayata komai ba, ni ma ban ƙara ba. Ƙaryar da na yi don in kare shi ita ta nuna masa hanya, Yaya, da bakina.

Washegari da zan fita aiki na tarar da kwalbar ƙwayarsa a kan teburin kicin, kusa da jakata. Na mayar masa ɗaki, da na dawo na same ta a kwandon shara. Tun ranar bai sha ko ɗaya ba. Na kira likitansa ya yi masa magana a waya, ya yi ta gyaɗa kai. Na ce to a sauya masa wata iri, ko a yi masa allura, ya ce a bar shi da ciwonsa, nasa ne. Gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, a kan kafet ɗin da na shimfiɗa wa Kofur. Labulen ya koma yadda yake bayan Inna. Igiyar tana rataye a bayan ƙofa, na rasa ko in ɗauke ko in bari.

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na yi kuka a gabansa. Na ce masa ƙauna ce ta sa, ba mugunta ba, kuma Kofur ya yi makonni yana tafiya ba ciwo. Ya dube ni kamar ina magana da wani yare.

Abinci ne ya fi tayar mini da hankali. Ina ajiye masa da asuba, in dawo in tarar da shi yadda na bari. Jiya na ƙi zuwa aiki, na zauna a gabansa na ce ba zan tashi ba sai ya ci. Ya ɗauki burodin. Kafin ya ankara hannun ya raba shi biyu, rabin ya sauka gefen kujera inda kan Kofur yake zama. Ya tsaya a haka, hannun a rataye. Sannan ya mayar da duka biyun faranti, ya cusa hannun a ƙarƙashin bargo.

Na ɗauki rabi ɗaya na kai masa baki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya buɗe ya karɓa. Haka muka yi da rana, haka muka yi yau da safe. Daga hannuna kaɗai yake ci yanzu, nasa ya ƙi fito da shi.

Ba zan iya barin aiki ba, kuma ba zan iya barinsa ba. Ka manta da agogon. Ka nemi izini ka sauka a tashar nan ka taho gida, don Allah, tun yana karɓa.

Baba bai ce in gaishe ka ba, amma na san da yana lafiya da ya ce.

Ƙanwarka da ke jiranka,
Auta